Gida ya tafi, bashi ya zauna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar Zariya, yau sama da shekara ashirin ina zaune a Ingila. Labarin da zan ba ku irin wanda mutanenmu na nan ba sa son a tayar da shi a taron suna ko biki ne. An ƙwace mini gida, bayan an ƙwace aka biyo ni bashin da ya haura fam 50,000, kuma cikin ikon Allah na rabu da shi. Ba zan kama sunan kowa ba, mutum ko banki.

Mahaifina tela ne a Tudun Wada. Gidan da na tashi a ciki na gado ne, ginin ƙasa, kakanmu ya gina, don haka a ƙuruciyata ban taɓa sanin ana iya fitar da mutum daga gidansa ba. Bashi kuwa mun san shi sarai. Baba yana da wani littafi da yake rubuta waɗanda suka karɓi ɗinki ba su biya ba, in sallah ta wuce ya bi wasu, ya ƙyale wasu. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ranar jana'iza a unguwarmu: kafin a ɗauki gawa sai wani dattijo ya miƙe ya yi cigiya, duk wanda ke bin mamaci ya zo ya faɗa, wane ya ɗauki nauyin biya. Tun ina yarinya na fahimci cewa bashi ba ya tsayawa a bakin kabari.

Na zo Ingila a 2003, lokacin da ake ta ɗibar ma'aikatan jinya daga Afirka da Asiya. Ban samu asibitin gwamnati ba, sai wani gidan kula da tsofaffi a wani gari kusa da Manchester. Shekara na zagayowa maigidana ya biyo ni da yaranmu biyu, ya samu aiki a wani katafaren sito da ake loda kaya. Muna haya, muna aike gida, muna rufa wa kanmu asiri.

A 2006 duk inda ka zauna zancen sayen gida ake yi. Farashi kullum hawa yake, wanda ya saya bara ya ci riba bana, wanda yake haya kuma ana yi masa kallon marar wayo. Mun daɗe muna ja-in-ja da maigida a kan riba. Akwai tsarin sayen gida na Musulunci da wasu bankuna suka fara a lokacin, amma suna neman kafin alƙalami mai kauri, mu kuwa ba mu da shi. Shi ya kawo mini zancen fatawar da majalisar malaman Turai ta fitar a 1999, wadda ta sassauta wa Musulmin da ba shi da gidan zama ya karɓi irin wannan bashi saboda larura. Na san akwai malaman da ba su yarda da ita ba, har yau ma ana saɓani. Na dai bi mijina. Wata Anti da muke girmamawa ta ce da ni, "Ke 'yar nan, bashi hanji ne, yana cikin kowa. A ƙasar nan har Firaminista da bashi ya sayi gidansa."

Wani dillali ya samo mana kamfanin da ke ba irinmu, baƙi waɗanda ba su da dogon tarihi a banki. Ba su nemi ko kwabo a hannunmu ba, kuɗin gidan gaba ɗaya suka bayar, fam 135,000, da sharaɗin kuɗin ruwan ba zai motsa ba har shekara biyu. Gida ne mai ɗaki uku, irin na jan bulo da ke manne da juna a jere. Ni da maigida duka muka sa hannu. Ranar da muka karɓi mabuɗi na kira Inna, ta rangaɗa guɗa a waya har maƙwabta suka shigo tambaya.

A watan Satumba na 2007 muka ga mutane a talabijin sun yi dogon layi a ƙofar bankin Northern Rock suna kwashe kuɗinsu. Ba bankinmu ba ne, ban ɗauka abin ya shafe mu ba. Da shekara biyunmu ta cika a 2008, abin da muke biya a wata ya tashi daga wajen fam 750 ya haura 1,000. A watan Satumban shekarar bankin Lehman ya durƙushe a Amurka, kafin ƙarshen shekara siton da maigida ke aiki ya rage ma'aikata, har da shi. A watan Maris na 2009 Babban Bankin Ingila ya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 0.5 cikin ɗari, maƙwabtanmu suka samu sauƙi, mu kuwa kaɗan aka rage mana, don yarjejeniyarmu ta masu ƙaramin ƙarfi ce, tsadarta a jikinta take. Muka nemi komawa wani banki, babu mai karɓarmu, saboda gidan ya riga ya faɗi ƙasa da abin da ake binmu.

A cikin wannan hali na samu ciki na uku, ya zo da hawan jini, likita ya hana ni aiki. Inda nake aiki ba sa biyan albashin rashin lafiya sai ɗan abin da doka ta tilasta, wanda a lokacin bai kai fam 80 a mako ba. Maigida ya koma mutum marar magana, ya wuni gaban kwamfuta yana cika takardun neman aiki, ya kwana yana juyi. Tsakiyar 2009 ya ce zai je Kaduna ya bi wata kwangila, ba zai daɗe ba. Takardata ta hannun Yaya ta iso. Ba zan tsawaita a nan ba, uban 'ya'yana ne.

Duk wasiƙar da kamfanin ya aiko na buɗe ta, duk kiran da suka yi na amsa. Na roƙi a tsawaita wa'adi, na roƙi a bar ni in riƙa biyan ruwan kawai zuwa wani lokaci. Wani su ce to, wani su ce a'a, kuma kowane wata suna ɗora tarar makara a kan abin da na kasa biya. Farkon 2010 aka kira ni kotu. Na zaci zan ga zaure da alƙali mai hular gashi. Ashe ɗan ofis ne, alƙali a bayan tebur, lauyan kamfani a gefe, ni da jaririya a goye. Akwai wata mai ba da shawara kyauta da ke zama a kotun ranar irin waɗannan ƙararraki, ita ta tsaya mini. Alƙali ya ba da umarnin karɓe gidan amma ya jingine shi, muddin zan riƙa biyan na wata da ɗan ƙari a kan na baya. Na koma aikin dare, jiki bai gama warwarewa ba. Na riƙe na wasu watanni, daga nan abin ya fi ƙarfina.

Na so in kai musu mabuɗinsu in huta, sai mai ba da shawarar ta hana ni. Ta ce in na fita da ƙafata, ƙaramar hukuma na iya cewa ni na jefa kaina a rashin muhalli da gangan, su ƙi ba ni wurin zama. Haka na zauna har takardar jami'an kotu ta zo da rana da sa'a. Kafin su iso na kwashe yara da kaya, wata abokiyar aikina, Bahaushiya daga Zangon Kumasi, ta zo da motar ƙanenta ta taya ni. A 2009 kaɗai an ƙwace gidaje fiye da 40,000 a Birtaniya, amma ranar da aka canza kwaɗon ƙofarka ba ka tuna akwai wasu.

Ga inda nake so mai karatu ya natsu. A tunanina, tunda sun karɓi gidan, magana ta ƙare. Abin da na sani a gida ke nan: ka ba da jingina, ka kasa fansa, mai kuɗi ya riƙe abin, kowa ya kama gabansa. Da wannan tunanin na yi shekaru. Muka zauna a masaukin wucin gadi, daga baya aka ba mu gidan haya mai rangwame, na samu aiki a asibitin gwamnati, yara suka ci gaba da karatu, har na fara dariya kamar da.

A 2015 wasiƙa ta zo daga wani kamfanin karɓar bashi. Suna nemana da fam 51,000 da ɗoriya, ragowar bashin gida. A wurin aiki na karanta ta, a ɗakin canza kaya, na karanta na sake karantawa ina neman inda aka yi kuskuren suna. Babu kuskure. An sayar da gidan a gwanjo a 2011 kan fam 96,000. Abin da ake bina ranar sayarwar, da bashin asali, da na watannin da ban biya ba, da ruwan da ya ci gaba da hawa duk tsawon lokacin da gidan ke kulle, da ladan lauya, da na masu gwanjo, da inshora, har da kuɗin canza kwaɗo, ya kai fam 147,000. Giɓin da ke tsakani shi suke nema.

Daren nan na raba magani, na duba marasa lafiya, na rubuta rahoto, amma ban san yadda na yi ba. Ba tsoron kotu ne ya fi damuna ba. Tunanin da ya riƙe ni shi ne in na faɗi na mutu gobe, a yi cigiya a kaina, wa zai miƙe ya ce ya ɗauki fam 51,000? Yaya da ke koyarwa a makarantar firamare? Ko ɗana da bai gama sakandare ba?

Da na fara faɗa wa na kusa, shawara ta yi ta zuwa. Wani ya ce in yi shiru, in ƙi amsawa, bayan shekara goma sha biyu bashin ya mutu. Wata ta ce in tattara in koma gida kamar yadda mijina ya yi, wa zai bi ni Zariya? Wani kuma ya ce in je a ayyana ni a matsayin wadda ta karye, shekara guda a wanke ni. Kowanne da ɗan gaskiyarsa, amma babu wanda ya san abin duka.

Wata ƙungiya mai suna National Debtline, masu ba da shawara kyauta ta waya, su suka warware mini zaren. Matar da na samu ta fara da cewa kada in biya ko fam ɗaya, kada kuma in rubuta cewa na amince da bashin, sai na san inda nake tsaye. Ta ce a Ingila da Wales, dokar 1980 ta ba mai bin irin wannan bashi shekara 12 ya kai ƙara a kan uwar kuɗi, shekara 6 a kan kuɗin ruwa, kuma duk ranar da ka biya wani abu ko ka amsa bashin a rubuce kafin wa'adin ya cika, lissafi ya koma farko. Akwai kuma ƙa'idar hukumar da ke sa ido kan bankuna, cewa dole su sanar da kai niyyarsu ta bin ragowar cikin shekara 6 daga ranar sayar da gidan. Nawa sun sanar a kan lokaci. Biyana na ƙarshe a 2010 ne, ke nan sai wajen 2022 wa'adin zai cika, kuma a tsakanin nan suna iya kai ni kotu kowace rana, hukuncin ya zauna a kundin bashina shekara 6, har a iya cira daga albashina.

Na ce mata to ai mu biyu muka sa hannu, rabi ne nawa. Ta ce a'a. Bashin haɗin gwiwa kowannenku ana binsa duka ne, kuma wanda hannu ya kai gare shi shi ake kamawa. Wannan maganar ta fi wasiƙar zafi. Shi yana can ya yi sabon aure, ni da na tsaya da yara ni ce mai adireshi.

Batun karyewa kuwa, gaskiya ne ana sallamar mutum bayan shekara guda, kuɗin nema a lokacin kusan fam 700, amma ana iya yanka maka wani abu daga albashi har shekara uku. Ƙaramin tsarin yafe bashi da ake yi wa marasa ƙarfi iyakarsa fam 20,000 ne a lokacin, nawa ya wuce nan. Sai ta ambaci hanyar da ban taɓa ji ba: a tara kuɗi dunƙule, a miƙa musu tayi, su karɓa a matsayin biya na ƙarshe su yafe sauran. Ta ce irin wannan tsohon bashi, wanda babu sauran jingina a bayansa, sau da yawa sun fi son tsuntsu a hannu.

Kafin in yi komai na je wurin limamin masallacin da muke zuwa, bayan la'asar, matarsa na zaune. Na ce, "Allah gafarta Malam, in na yi shiru har wa'adin kotu ya wuce, na kuɓuta?" Ya ce, "Malama, kin kuɓuta daga alƙalin Ingila. Uwar kuɗin da kika karɓa kuwa tana nan." Na ce to in sun karɓi kaɗan suka bar sauran fa? Sai ya ba ni labarin Ka'abu ɗan Malik da ya bi wani sahabi bashi a masallaci har muryoyi suka tashi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaga labulen ɗakinsa ya yi masa nuni da ya sauke rabi, Ka'abu ya yarda, aka ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Malam ya ce sulhu a kan bashi halal ne, abin da mai kuɗi ya bari da yardarsa ya bar wuyanki. Ya ƙara da cewa masu bashi suna cikin waɗanda aka ambata a ayar zakka, kada in ji kunya in an ba ni. Na fito daga gidan nan ƙafata ba nauyi.

Daga nan aka shiga rubuce-rubuce. Ban yarda na yi magana da su a waya ba, komai a takarda, kuma a saman kowace wasiƙa ina rubuta cewa wannan ba amincewa da bashin ba ne. Na nemi su ba ni lissafi dalla-dalla: ranar sayarwa, ƙiyasin da masana suka yi wa gidan, yadda aka tallata shi, da kowane caji. Da takardun suka zo sai ga abin da ban sani ba. A sanyin Disambar 2010, wanda aka ce an shekara ɗari ba a ga irinsa ba, bututun ruwa ya fashe a gidan yana hannunsu, silin ya rufto, shi ya sa aka kai shi gwanjo a wulaƙance. Doka ta ɗora wa mai ƙwace gida ya kula da shi, ya kuma nemi farashi mafi kyau da za a iya samu. Na duba kundin gwamnati na cinikin gidaje, wanda kowa ke iya gani a intanet, na ga gidajen layinmu a shekarar sun fi nawa kuɗi nesa. Na rubuta ƙorafi, na ce in ba su ba ni gamsasshiyar amsa cikin mako takwas ba zan kai wa hukumar sasanta rikicin kuɗi, wadda ba a biyan ko sisi. Ba su amsa laifi ba, amma daga ranar muryarsu ta sauka.

Sun so in riƙa biya wata-wata. Na cika musu takardar shiga da fita, albashi, haya, abinci, wuta, kuɗin mota, abin da ya rage bai wuce fam 50 ba. Na yi lissafi a bayan ambulan: fam 50 a wata, shekara 85 ke nan. Na ce musu ba zan ɗauki abin da jikokina za su gada ba. Tayina na farko suka yi watsi da shi, suka ce rabin kuɗin suke so. Na ce ba ni da shi, kuma abin da nake tayawa ma ba nawa ba ne, na dangi ne, in ba su karɓa ba zai koma inda ya fito. Aka yi ta jan zare fiye da shekara, su yi shiru har in fid da rai, sai kuma wasiƙa ta faɗo.

Tara kuɗin shi ne inda na ga gatana. Yaya ya kira ni ya ce, "Ƙanwata, filin nan da Baba ya bar miki, ki bari in sayar." Na yi kuka, don a nan nake burin gina ɗakin tsufana. Aka sayar naira miliyan biyu, a daidai lokacin da naira ta faɗi warwas bayan an sake ta a tsakiyar 2016, fam ɗaya ya haura naira 500 a kasuwar bayan fage. Filin gado guda bai kawo fam 4,000 ba. Matan da muke adashi suka ba ni ɗaukar farko ba tare da na roƙa ba. Na sayar da sarƙa da awarwaron lefena. Wani bawan Allah a masallaci, wanda har yau ban san ko wane ne ba, ya ba Malam ambulan ya ce zakka ce. Aka haɗa fam 8,000.

Farkon 2017 suka ce sun karɓa. Mai ba ni shawara ta ja kunnena: kada kwabo ya fita sai takarda ta zo da ke cewa wannan biya ne na ƙarshe, an rufe asusun, ba za su nemi sauran ba, ba kuma za su sayar wa wani kamfani shi ba. Sannan ta yi mini tambayar da ta hana ni barci. Sunana kaɗai nake so a wanke, ko har da na tsohon mijina?

Zuciyata ta ce a bar shi da su. Bai aiko da ko naira ɗaya ba, bai taɓa tambayar inda muka kwana ranar da aka fitar da mu ba. Filin ubana da gwal ɗina ne za su wanke shi? Na yi ta istihara. Abin da ya karya ni shi ne babban ɗana, wanda ke ta zancen ranar da zai gama jami'a babansa ya zo. Kuma na tuna shi ma wata rana za a yi cigiya a kansa, 'ya'yana ne za su tsaya a sahun gaba. Ba zan ce na yafe masa a ranar ba, yafiya ta zo daga baya, a hankali. Na dai rubuta cewa sulhun ya haɗa da mu biyu, suka amince. Na tura kuɗin ta banki, na adana shaidar biya, bayan ɗan lokaci takardar rufe asusu ta iso. Na yi mata hoto na aika wa Yaya, na ce ya nuna wa Inna, ya kuma ajiye kwafi a wurinsa.

Har yanzu haya nake yi, kuma ban sake neman bashin gida ba, ko da yake kundina ya daɗe da wankewa. Yaya ya samo mini wani ɗan fili a hanyar Jos, ina biya kaɗan-kaɗan daga albashi, an kai ginin linta.

A 2019 wata wasiƙa ta sake zuwa, daga wani kamfani dabam da ban taɓa jin sunansa ba, suna neman fam 43,000, wai sun sayi bashin cikin tarin wasu. Na ɗauko fayil, na yi kwafin takardar sulhu da shaidar biya, na aika musu ta wasiƙar da ake sa hannu in an karɓa. Suka amsa da layi uku, sun ba da haƙuri, sun rufe fayil ɗin. Ita ma na saka ta cikin fayil, na aika wa Yaya kwafinta.